Masu Neman Ubangiji da Bakin Ƙaho: Fayafayan Jaz da Suka Cancanci a Saurara

Da yawa daga cikin mutanen ƙasarmu, in aka ambata musu kiɗan baƙaƙen Amurka, ba abin da ke fara faɗo musu a rai sai gidajen rawa da mashaya da sharholiyar dare, kuma ba za a ce sun yi kuskure ɗungum ba, domin kuwa kiɗan nan da ake kira jaz a irin waɗannan wurare ya yi rarrafe, a birnin New Orleans, a farkon ƙarni na 20, kafin ya miƙe ya isa Chicago da Niyu Yok, ya game duniya. Amma daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa tsakiyar shekarun 1970 an sami wata jama'a cikin gwanayen wannan sana'a waɗanda tafin 'yan kallo ya daina ƙosar da su, suka karkata ƙahoninsu da gangunansu zuwa ga neman kusanci da Mahalicci, kowa bisa ga aƙidarsa da gwargwadon fahimtarsa. Abin da suka bari shi ne masu sharhi suka laƙaba wa suna daga baya, wanda za mu kira jaz na ruhi, kuma a kan kaɗan daga cikin fayafayansa nake nufin jawo hankalin mai karatu.

Kafin a shiga bayanin fayafayan, ya wajaba a san halin da ya haife su. Galibin makaɗan nan a cocin baƙar fata suka buɗe ido, inda mai wa'azi ke rera maganarsa jama'a suna amsawa, har wasu su fita hayyacinsu saboda shauƙi. Sa'an nan suka girma cikin ƙasar da doka ta raba fari da baƙi a makaranta da mota da wurin cin abinci, ƙasar da a ranar 15 ga Satumba 1963 aka dasa bam a wani coci a birnin Birmingham na jihar Alabama, 'yan mata huɗu suka rasu. Ga kuma annobar hodar maye wadda ake kira heroyin, wadda ta cinye samari masu baiwa ba adadi a cikin sana'ar. A daidai wannan lokaci ne labarin 'yancin kan Gana a 1957 da na Nijeriya a 1960 ya riƙa isa gare su, ya tuna musu cewa suna da asali da ya girmi bauta. Wasu suka musulunta, mafi yawansu a wancan zamani ta hannun masu da'awar Ahmadiyya, domin su ne suka fi kai-komo a unguwannin baƙar fata a lokacin, ko da yake matsayin wannan ƙungiya a wurin malaman Musulunci sananne ne. Art Blakey ya zama Abdullah Ibn Buhaina, Frederick Jones ya zama Ahmad Jamal. Wasu suka nufi hikimar Indiya, wasu tsohuwar Masar, wasu kuwa suka koma cocin iyayensu da sabuwar zuciya.

Mas'alar halaccin kiɗa da haramcinsa tsohon saɓani ne tsakanin malamai, wasu sun tsananta wasu sun sassauta, har Imam Gazali ya keɓe mata babi guda a kan ladubban sauraro cikin Ihya'u Ulumiddini. Wannan maƙala ba ta zo yanke hukunci ba, kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Haka kuma bai kamata wani ya ɗauki waɗannan fayafayai a madadin ibada ba. Kiɗa ne na 'yan Adam waɗanda ƙunci ya ishe su suka ɗaga kai sama, kuma wanda ya yarda ya saurara zai ji yadda kukan zuciya yake in ya fito ta bakin gwani.

Duk wanda zai yi maganar wannan fanni, dole ya fara da John Coltrane da faifansa mai suna A Love Supreme, wato ƙauna mafi ɗaukaka. An haifi Coltrane a 1926 a jihar Karolina ta Arewa, kakanninsa maza na wajen uwa da na wajen uba duka limaman coci ne, ya kuma yi suna wajen busa sakisofon, wani ƙahon tagulla mai lanƙwasa wanda ake busawa ta bakin tsinken gora. Yana cikin ƙungiyar Miles Davis, wadda ta fi kowace ƙungiya tashe a lokacin, shaye-shaye ya ci ƙarfinsa har aka sallame shi a 1957. A cikin wannan shekara ya kulle kansa a ɗaki a Filadalfiya, ya yi ta fama da jikinsa har ya rabu da hodar da giya, matarsa ta fari Naima, wadda Musulma ce, da mahaifiyarsa suna tsaye a kansa. Shi da kansa ya bayyana a rubutun da ke jikin faifan cewa a wannan shekara ya sami farkawa da rahamar Ubangiji, ya kuma roƙi a ba shi ikon faranta wa mutane rai ta hanyar kiɗa. Shekara bakwai bayan haka, ranar 9 ga Disamba 1964, ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder a jihar Niyu Jasi tare da abokan aikinsa uku, McCoy Tyner mai fiyano, wanda shi ma Musulmi ne, da Jimmy Garrison mai bas, babban gogen nan mai tsayin mutum da ake tsinkar tsirkiyarsa da yatsu, da Elvin Jones mai ganguna, suka ɗauki faifan duka a zama guda. Kamfanin Impulse! ya fitar da shi a farkon 1965.

Tsawonsa bai wuce rabin sa'a da 'yan mintoci ba, an kuwa kasa shi kashi huɗu, waɗanda ma'anar sunayensu ita ce iƙirari, da ƙudurin niyya, da ƙoƙarin bi, da zabura. Wanda ya lura zai ga cewa wannan jeri hanyar mai tuba ce tun daga farkonta har ƙarshenta. Kashi na farko yana buɗewa da bugun faranti na tagulla, sa'an nan mai bas ya kawo wata 'yar jimla mai sauti huɗu kacal, ya yi ta maimaita ta, ƙahon yana yawo a kanta, yana hawa yana sauka, har can kusa da ƙarshe Coltrane ya ɗauki wannan 'yar jimla ya zaga da ita dukkan matakan sauti goma sha biyu da kiɗan Turawa ke da su, kamar mai son nuna cewa ba inda za a juya a rasa abin da yake ambato, kana ya ajiye ƙahon ya shiga furta sunan faifan da muryarsa, muryar da ba ta mawaƙi ba ce, ta mutum ce mai wuridi. Kashi na biyu da na uku suna da zafi da gudu, a nan ne mai ganguna ke nuna bajinta. Amma a ganina kashi na huɗu shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne kunnen Bahaushe zai fi saurin kamawa in an gaya masa sirrinsa. Coltrane ya rubuta wata munajati ta godiya ga Allah, aka buga ta a bangon faifan, sa'an nan ya busa ta da ƙaho gaɓa bayan gaɓa, ba tare da ya furta kalma ko ɗaya ba, yadda makaɗin kalangu ke kiran sunan mutum da kirarinsa wanda ya san harshen ya ji sarai. In mai sauraro ya riƙe rubutun yana bi da ido, zai ji inda kowace jimla ta fara da inda ta tsaya.

Coltrane bai musulunta ba, bai kuma tsaya ga coci kaɗai ba. Mutum ne mai yawan karatu, ya duba Alƙur'ani da Baibul da littattafan Hindu, ya kuma bayyana cewa yana girmama addinai duka, abin da mai aƙida tsayayya ba zai bi shi a kai ba, amma ba zai hana a shaidi gaskiyar niyyarsa ba. Ya rasu ranar 17 ga Yuli 1967 da ciwon dajin hanta, yana da shekara 40. Ɗaya daga cikin wasanninsa na ƙarshe a bainar jama'a ya yi shi ne a watan Afrilu na wannan shekara, a cibiyar al'adun Afirka da amininsa Babatunde Olatunji, makaɗin gangar nan ɗan Nijeriya, ya buɗe a unguwar Harlem.

Duk da wannan girma na A Love Supreme, ba shi zan ba sabon shiga ya fara da shi ba. Wanda kunnensa bai saba da jaz ba, ya nemi Eastern Sounds na Yusef Lateef, wanda aka ɗauka a 1961, domin faifai ne mai sanyi da tawali'u, ba ya yi wa kowa tsawa. Yana farawa da wata ƙaramar sarewar yumɓu ta ƙasar Sin mai siffar ƙwai, wadda sautinta kaɗan ne ƙwarai, Lateef ya yi ta juya su cikin natsuwa har mai sauraro ya mance da ƙarancinsu. A wasu wurare yana busa obo, 'yar'uwar algaita ta ƙasar Turai, da wani irin taushi da zai sa mutum ya yi shiru ko da yana tsakiyar zance. Lateef ya tashi a Detroit, ya musulunta, ya riƙe addininsa har ya rasu a 2013 yana da shekara 93, kuma bai taɓa son a kira abin da yake yi jaz ba, saboda yana ganin sunan ya ƙasƙantar da aikin. Muna kuwa da haƙƙi na musamman a kansa, domin daga 1981 zuwa 1985 a Zariya ya zauna, yana babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya duƙufa a kan sarewar Fulani, ya kuma haɗa kai da Ziky Kofoworola suka wallafa littafi a kan kiɗa da wasannin Hausawa. A wannan zama ne ya ɗauki faifan da ake kira In Nigeria, a Legas a 1983, shi da makaɗan gangunan ƙasar nan. Abin takaici ne a ce mutumin da ya ƙetaro teku ya zauna gaban masu sarewarmu yana neman sani, a yau samarinmu kaɗan ne suka taɓa jin sunansa.

Bayan rasuwar Coltrane, mutum biyu ne suka ɗauki tutarsa, kuma kowannensu ya bi da ita ta wata hanya dabam. Na farko shi ne Pharoah Sanders, haifaffen jihar Arkansas a 1940, wanda ya zo Niyu Yok ba shi da ko wurin kwana, ya sha barci a waje da ƙahonsa a gefe, kafin Coltrane ya jawo shi cikin ƙungiyarsa a 1965. Sunayen fayafayansa kaɗai sun isa su nuna inda hankalinsa ya karkata, akwai Tauhid na 1967, akwai kuma na 1970 wanda ya ɗauko sunansa daga wata aya ta Suratul Baƙara mai siffanta kurame da bebaye da makafi. Amma wanda ya fi cancanta a fara nema shi ne Karma na 1969, wanda kusan dukkansa waƙa ɗaya ce mai tsawon fiye da rabin sa'a, mai suna The Creator Has a Master Plan, abin nufi Mahalicci yana da babban tsari a kan bayinsa. Tana farawa da busar ƙaho da ƙararrawa da kacau-kacau da sarewa, bas yana tafe da wata jimla mai kama da ta A Love Supreme, sa'an nan mawaƙi Leon Thomas ya shigo da murya mai daɗi, can kuma ya karya ta yana kaɗa maƙogwaro tsakanin sama da ƙasa, salon da ya ce ya tsinta daga waƙoƙin mutanen dazuzzukan Afirka ta Tsakiya. Wajibi ne in faɗakar da mai sauraro cewa a tsakiyar waƙar akwai wani wuri da kome ke rikicewa, ƙahon ya koma kururuwa da gunji, gangunan su yamutse, har mutum ya zaci na'urarsa ce ta lalace. Kada ya kashe. Wannan yamutsi da gangan aka yi shi, kuma wanda ya daure ya ƙetare shi, zai ji yadda jimlar farko ke dawowa da wani irin daɗi da ba za ta yi ba in da ba a bi ta cikin wahalar ba. A nan ne mutane da yawa ke yanke wa wannan kiɗa hukunci da gaggawa, su ce hauka ne, alhali kuwa haƙurin minti biyar ne ya gagare su.

Sanders ya yi tsawon rai, ya rasu a 2022, kuma akwai wasu ayyukansa biyu na baya da ba zan tsallake ba. A 1994 ya tafi garin Essaouira na Maroko ya ɗauki The Trance of Seven Colors tare da Ma'alam Mahmoud Guinia, babban makaɗin Ginawa. Su Ginawa zuriyar mutanen da aka ƙetara da su Sahara ne daga ƙasashen baƙar fata, har yau suna ambaton Bambara da Fulani da Hausawa a cikin waƙoƙinsu, suna kaɗa wani babban molo mai tsirkiya uku da ƙarafan tafi a tarukansu na dare, inda kowane rukunin iskoki yake da launinsa da kiɗansa, kuma wanda ya san bori zai gane dangantakar ba sai an gaya masa ba. A wannan faifai Sanders baƙo ne mai ladabi, yana bin masu gida a baya. Na biyun kuwa shi ne Promises na 2021, wanda ya yi da wani matashi ɗan Ingila da ake kira Floating Points da babbar ƙungiyar makaɗa ta Landan, yana da shekara 80, numfashinsa ya ragu amma kowace busa tana da nauyi.

Mutum na biyu mace ce, Alice Coltrane, matar John ta biyu, wadda ya bari da ƙananan 'ya'ya da baƙin ciki mai tsanani har ta rame ta shiga wani hali. Ita ma 'yar Detroit ce, a coci ta koyi fiyano, kuma Ernie Farrow wanda ya kaɗa bas a Eastern Sounds ɗan'uwanta ne. Bayan rasuwar mijinta ta rungumi haf, wani abin kiɗa na tsaye mai tsirkiya fiye da arba'in wanda ake shafa da yatsun hannu biyu, ta kuma zama almajirar wani malamin Hindu mai suna Swami Satchidananda, wanda ta sa sunansa a faifanta Journey in Satchidananda, da aka ɗauka a 1970 aka fitar a 1971. Mafi yawansa a ɗakin ɗaukar sauti na gidansu da ke Dix Hills aka yi shi. A ƙarƙashin kome akwai tambura ta Indiya tana zuba sauti guda marar yankewa, Cecil McBee yana maimaita jimla ɗaya a kan bas, haf ɗin yana zubowa daga sama, Sanders kuma yana busa ƙaramin ƙaho da laushin da ba a saba ji daga gare shi ba, a waƙar ƙarshe har da udu irin na Larabawa. Aƙidar da ke bayansa nesa take da tamu, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, amma ta'aziyya ce ta mace wadda ta yi rashi ta kuma sami hanyar miƙewa, kuma ban san wani faifai cikin wannan fanni da ya fi shi sauƙin shiga zuciya ba. Wanda ya ji daɗinsa ya ƙara da Ptah, the El Daoud na 1970.

Daga nahiyarmu kuwa akwai Abdullah Ibrahim na Afirka ta Kudu, wanda a da ake kira Dollar Brand, ya musulunta a 1968, ya yi aikin Hajji, ya shafe shekaru yana gudun hijira saboda mulkin wariyar launin fata. A nemi Good News from Africa na 1973, shi da Johnny Dyani mai bas su biyu rak, inda waƙoƙin cocin Cape Town da na mutanen Xhosa da ambaton Allah suka haɗu a wuri ɗaya ba tare da wani ya ture wani ba.

Akwai wasu da ake yawan yabawa waɗanda nake ba da shawarar a jinkirta su. Spiritual Unity na Albert Ayler, na 1964, da Ascension na Coltrane, inda makaɗa goma sha ɗaya ke busa da kiɗa lokaci guda har kusan minti arba'in, ayyuka ne masu daraja a wurin masana, amma wanda ya fara da su da wuya ya sake waiwayar jaz. Sun Ra, wanda ya zo Legas da jama'arsa a bikin FESTAC na 1977, gwani ne na gaske, sai dai da'awarsa ta cewa daga wata duniyar taurari ya fito ta sa aikinsa ya fi kusa da tatsuniya a kan munajati. Na zamanin nan kuma, Kamasi Washington ya fitar da The Epic a 2015, kusan sa'a uku, ya jawo samari da yawa zuwa ga wannan tafarki, kuma wannan alheri ne, amma a ganina yawan ado ya rinjayi zurfi a cikinsa, ya fi kyau a ji iyayen kafin a ji jikan.

Saura ladabin sauraro, wanda shi ne rabin al'amarin. Waɗannan fayafayai an gina su ne don a ji su daga fari har ƙarshe, saboda haka wanda ya tsinci minti biyu a tsakiya ya wuce bai ji kome ba. A zaɓi lokacin da gida ya yi shiru, a ajiye hira, a kuma sa abin sauraro na kunne ko lasifika mai kyau, domin ƙaramar lasifikar waya tana haɗiye sautin bas, shi kuwa bas shi ne ginshiƙin da sauran ke dogara a kai. Kada a yi ta jiran baiti da amshi irin na waƙoƙin da aka saba, a kama jimlar nan da ake maimaitawa a ƙasa a riƙe ta, sa'an nan a bar sauran su zo su wuce. Kusan dukkansu ana samunsu a intanet, a YouTube da Spotify da makamantansu.

Shawarata ga mai karatu ita ce ya fara da Eastern Sounds, ya bi da Journey in Satchidananda, sa'an nan ya zauna wa A Love Supreme zama na musamman, ya maimaita shi sau da yawa kafin ya nufi Karma. Roƙona kuma ga gidajen rediyonmu na Kano da Kaduna da Zariya da Damagaram shi ne su ware ko da sa'a guda a mako ga irin wannan kiɗa, da mai gabatarwa wanda zai yi wa jama'a bayaninsa da Hausa, su kuma buɗe shirin da faifan da Yusef Lateef ya ɗauka a ƙasar nan.